Allon Kawu da Olonkar Kaka

Shagon kawuna yana Mamobi, kusa da babban lambatu, tsakanin mai gyaran rediyo da matar da ke sayar da koko da ƙosai. Ƙanƙantarsa ta kai idan mutum uku suka shiga, dole ɗaya ya bar inuwarsa a waje. A ciki akwai kwamfuta biyu da ya saya a gwanjo, da firinta mai ihu kamar ana yanka akuya, da wani baƙin allo a bango. Wannan allon ne ya kusa sa na cuci yayata bara.

Da safe Kawu yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Bayan azahar kuma yana koya mana rubuta furogiram, ni da Yaya. Furogiram, ga wanda bai sani ba, umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta layi-layi, ita kuma ta bi shi yadda yake, ko da an ce ta faɗa rijiya. Yaya ta girme ni da shekara uku, ta gama sakandare, kuma ba ta da buri a duniya da ya wuce wannan aiki. Ni kuwa, tsakani da Allah, fanka ce ta kai ni. A duk yankin, nan kaɗai ake samun iska.

Sai abu biyu suka faɗo mana a mako ɗaya. Hedimastan wata makarantar Islamiyya da boko a Nima ya roƙi Kawu ya yi musu furogiram da zai riƙe sunayen yara, ya kuma fitar da takardar sakamako a ƙarshen zango. Kaka kuma, mahaifiyar Kawu da Innarmu, gwiwa ta hana ta sakat. Tana sayar da wake da masara da gari a Kasuwar Malam Atta, ta ce lallai ɗayarmu ta koma rumfa tana taya ta daga azahar zuwa magariba. Wato daidai lokacin darasi.

Kawu ba ya son a ce ya yi son kai. Ya ɗauki alli ya ja layi a tsakiyar allo.

“Ni ba zan zaɓa ba,” in ji shi. “Allo ne zai raba gardama. Duk Juma'a zan ƙirga layin da kowacce ta rubuta. Ranar da Hedimasta ya karɓi aikinsa, wadda ke ƙasa ta bi Mma kasuwa.”

Ya ba Yaya ɓangaren rajistar yara, ya ba ni ɓangaren maki da sakamako.

Ni dai Allah bai ba ni haƙuri ba, amma ya ba ni wayo har ya yi mini yawa. Makarantar aji shida ce. Na rubuta lissafin aji ɗaya, sai na kwafe shi sau shida, kowane aji da nasa. Banda wannan, Kawu ya taɓa nuna mana wani irin layi da kwamfuta ba ta kula shi, wanda ake rubutawa don tunatar da mutum kawai. To, a nan na baje kolina. Na gaida kwamfuta, na tambaye ta gajiya, na tambaye ta mutanen gida da na Tema inda aka sauke ta daga jirgi. Na rubuta yadda ake dafa wake da shinkafa tun daga wanke tukunya. Juma'ar farko Kawu ya duba lambar layin ƙarshe, bai karanta na tsakiya ba, ya rubuta ɗari takwas a gefena. Yaya ɗari da ashirin.

“Kin gani?” ya ce mata. “Ƙanwarki kamar jirgin ƙasa.”

Mako na biyu Yaya ba ta ma zauna a gaban kwamfuta ba. Kullum sai ta ɗauki littafi ta tafi makarantar, ta zauna da malamai tana yi musu tambayoyi. Allo ya ba ta sifiri. Mako na uku ta dawo ta goge layi arba'in daga aikinta, ta ce ta sami hanyar da ta fi gajarta. Kawu ya daɗe riƙe da alli yana sosa ƙeya, don bai san yadda ake rubuta aikin da ya koma baya ba.

A trotro, ƙaramar bas ɗin haya, muna komawa gida, ta ce mini, “Ke, ki daina neman yaro da sunansa. Na ba kowane yaro lamba. Ki nema da lamba.”

“Cale,” na ce, yadda 'yan unguwa ke kiran aboki, “bar ni da aikina.” “Mai sifiri ba ta yi wa mai dubu biyu wa'azi.”

Ta mayar da fuskarta taga. Yaya idan ta yi shiru, har kwandasta sai ya rage murya.

Kawu ba wawa ba ne, ya fara shinshino wani abu. Wata Juma'a ya ƙara gida na biyu a allo, ya ce daga yau zai riƙa ƙirga kurakuran da kowacce ta gano ta gyara, domin yawan rubutu kaɗai ba ya nuna gwaninta. Na ce madalla, Kawu ya kawo gyara. Daga ranar, da na iso shago sai in shuka kuskure biyar a cikin aikina, in bari su nuna, bayan la'asar in kira shi ya ga na girbe su. Ya riƙa jinjina kai yana cewa idona kamar na shaho. Yaya, da yake tana auna kowane layi kafin ta rubuta, kuskure biyu kacal ta samu a mako biyu. Ta sake zama ta ƙarshe a aji mai mutum biyu.

Ranar karɓar aiki, Hedimasta ya zo da babban littafin rajista a hammata. Kaka ma ta zo da sandarta, ta zauna a benci a bakin ƙofa, ta ce ba za ta koma gida ba sai da 'yar rumfarta. Aka shigar da makin 'yan aji huɗu don gwaji. Firinta ta yi ihunta, takardu suka fito. Hedimasta ya gyara tabarau, ya duba ta farko, ya ce masha Allah. Ya duba ta biyu, ya sake dubawa. Da ya kai ta biyar sai ya cire tabarau gaba ɗaya.

“Malam, yara biyar ne suka zo na ɗaya a aji guda?”

“Wataƙila ajin ne ke da albarka,” na ce. Kawu ya harare ni.

“Wannan yaron,” in ji Hedimasta, yana ɗaga takarda, “tun watan jiya yana Tamale wajen kakarsa. Daga can ya zo na ɗaya?”

Ga abin da ya faru. A ajin akwai yara biyar masu suna ɗaya, har da sunan uba. Sunan nan kuwa, idan ka tsaya a titin Nima ka ƙwala shi, rabin unguwa zai waiwayo, har da direban da ke kan tuƙi. Malamai ba sa ruɗewa, domin a gefen rajista suna rubuta abin da kowa ya san yaro da shi: ƙarami, Bazabarme, ɗan Kotokoli, na gidan mai goro, mai haƙorin gaba ɗaya. Abin da Yaya ta je ta koyo ke nan a makon da allo ya ba ta sifiri, shi ya sa ta yi wa kowane yaro lamba da gurbin laƙabi da gida. Nawa ɓangaren kuwa da suna yake nema. Ya ci karo da na farko, wanda shi ne gwanin ajin, sai ya raba wa sauran makinsa kamar sadakar Juma'a.

“Gyara,” in ji Kawu.

Na zauna. Wurin gyaran guda shida ne, kuma kowanne ya nutse cikin gaisuwa da girki. Ina ta gangarawa, Kawu yana tsaye a bayana yana karantawa. Na ji ya karanta a hankali, “A zuba kanwa kaɗan.” Gumi ya karyo mini duk da fankar da na zo dominta.

Yaya ta taɓa kafaɗata, na matsa. Ta rubuta wani ɗan guntu da bai kai layi talatin ba, wanda ke nema da lamba kuma yake yi wa aji shidan aiki gaba ɗaya. Kafin a kira magariba takardu suka fito daidai, na Tamale ya koma inda ya dace da shi. Hedimasta ya sa albarka ya tafi.

Kaka ta buga sanda a ƙasa. “To, wacce zan tafi da ita?”

Kawu ya dubi allo. Lambobina suna can sama kamar hasumiya. Yaya ta miƙe, ta zare ɗan faifan da take adana aikinta a ciki, ta ajiye masa a tebur, ta gyara mayafi.

“Magana ɗaya aka yi, Kawu,” ta ce. “Allo ya raba.”

Na sha yin ƙarya a rayuwata, wasu ma ina alfahari da su. Amma ganin yadda ta ajiye faifan nan a hankali, kamar mai ajiye jariri, ya fi ƙarfina. Na fashe da kuka irin wanda ya sa mai koko ta leƙo. Na faɗi komai: kwafi shida, gaisuwa, kurakuran da nake shukawa da azahar in girbe da la'asar.

Kaka ta yi dariya har da tari. Sannan ta juya ga ɗanta.

“Kai, zo nan. Shekara nawa ka yi kana bina kasuwa? Idan Bazabarme ya kawo mini wake, tozon olonka kaɗai nake kallo?”

Olonka ita ce gwangwanin da ake awo da shi a kasuwanninmu. Kawu, da gemunsa da komai, ya sunkuyar da kai ya ce, “A'a, Mma.”

“Nakan juya gindinta in ga ko an buge shi ciki don ta ci kaɗan. In tura hannu har ƙasan buhu. In ciza, in shinshina. Ranar da masu kawo kaya suka gane tozo kaɗai nake kallo, ranar zan fara sayen tsakuwa. Ka ce wa ja'irar nan layi kake so, ta kawo maka layi. Laifinta rabi ne. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, kai kuma ka rufe naka ka bar wa allo.”

Kawu ya goge allon da hannun rigarsa. Ya roƙi Kaka ta ƙara haƙurin mako biyu, tunda akwai sauran aikin rajistar halarta, ta yarda. Washegari ya zo da takarda mai ma'auni goma sha ɗaya. Yaya ta ce idan aka bi wannan, ƙirga za a riƙa yi, ba aiki ba. Suka yi ta ja har suka tsaya a kan huɗu. Na farko, abin da malamin makaranta ya gwada da hannunsa ya ga ya yi aiki. Sai kuskuren da ya ɓullo bayan mutum ya ce ya gama, kuma yanzu a kansa ake rubuta shi, ba a ba shi lada. Sai kwanakin da ya ce zai yi da waɗanda ya yi. Na huɗun Yaya ce ta kawo shi: a ba ɗan'uwanka aikinka, a ga ko zai iya karantawa ya gyara ba tare da ya kira ka ba. Yawan layi bai ɓace ba, amma ya koma can kusurwa da ƙananan haruffa, don a san girman kaya kawai.

Sai Kawu ya miƙo mini alli. “Ke, sarauniyar wayo. Na ba ki izini. Ki cuci allon nan in gani.”

Wallahi na yi ƙoƙari. Na yi sauri don in cika kwanaki, kurakurai suka taru a kaina kamar ƙuda. Na koma tafiyar hawainiya don kada a sami kuskure, gidan kwanaki ya tona mini asiri. Na yi wani ɗan ƙaramin abu mai tsabta wanda babu mai buƙatarsa, malamin da ya zo gwaji ya tambaye ni amfaninsa, ya ture shi gefe. Na cusa wata dabara a ɓoye, Yaya ta karanta ta ce ba ta gane ba, aka sa mini sifiri a gida na huɗu. Duk inda na ja zanen don in rufe kai, sai ƙafa ta fito. Ana cikin haka na lura cewa hanyar da ta fi sauƙi ita ce in yi aikin kawai. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Bayan mako biyu allo ya raba gardama, kuma a wannan karon ban yi kuka ba. Yaya ta zauna a kujerarta. Har yanzu tana can, ita ke kula da furogiram ɗin makarantar, wata makaranta a New Town ma ta aiko tana so.

Ni kuma ina Malam Atta daga azahar zuwa magariba, kuma ashe bakin nan nawa da ake kuka da shi a gida, a kasuwa jari ne. Nakan kira mai saye da Hausa, in yi ciniki da Twi, in yi masa ban kwana da Ga. Ranar Asabar Kawu ya ware mini kujera. Aikina shi ne in fasa duk abin da Yaya ta gina kafin ya isa hannun malamai, kuma duk sabon ma'aunin da ya ƙirƙiro, ni ake fara ba wa in gwada cutarsa.

Na gode wa Kawu da bai kore ni ba, ya samar wa halina aikin yi. Na gode wa Yaya, wadda ba ta taɓa yi mini gori ba sai sau goma sha biyu. Kaka kuwa ta ce ta yafe mini duniya da lahira. Amma kullum na iso rumfa, kafin ta amsa gaisuwata, sai ta karɓi olonkata ta juya gindinta ta duba.