Shekarar da Ƙorama Ta Yi Ƙaura

Jiya jikana ya dawo daga Ambursa a kan babur, tayoyin duk lakar fadama. Uwarsa na faɗa ya ɓata mata tsakar gida, ni kuwa na duƙa ina shaƙa kamar an buɗe kwalbar turare. Kada ka yi dariya. Wanda ya girma a bakin gulbi ya san ƙamshin lakar da ruwa ya janye ya bari.

Ni dai bokona bai yi nisa ba. Na koyi rubuta sunana, na ga malamin ya gaji, sai na tausaya masa na bar makarantar. Amma ilimin iyakar gona na karanta shi a wurin kakana, a ƙauyenmu kusa da Argungu.

Gonar shinkafar kakana tana maƙwabtaka da ta taubashinsa, ɗan ƙanwar babansa. Tsoho ne siriri, mai 'ya'ya da yawa da gona guda tak. Tsakaninsu akwai wata ƙorama da ta ɓalle daga gulbin Rima, ita ce iyaka tun iyayensu. Kowace safiya sukan tsaya, wannan a gaɓa, wancan a gaɓa, su zagi juna son ransu, sannan kowa ya kama aiki. Kakana ya ce masa bawa, shi ya ce wa kakana mai ƙaton ciki. Ban taɓa jin sun gaisa da kirki ba.

Wata shekara aka yi ruwa mai yawa. Fadama ta zama tafki ɗaya, sai a kwalekwale ake shiga. Da kaka ta yi ruwa ya janye, muka je muka tarar ƙoramar ta tashi daga wurinta. Ta zagaya ta bayan gonar taubashin, ta haɗe ta da tamu. Shinkafarsa ga ta nan ta nuna, ta sunkuyar da kai, amma a ɓangarenmu.

A wurinmu kuwa maganar a fili take: inda ruwa ya zama iyaka, abin da ya ba ka naka ne, abin da ya ƙwace ya tafi. Mai gari ya faɗi haka a gaban dattawa, yana faɗa yana kallon ƙasa. Taubashin ya ce ya ji. Bai roƙi kowa ba, ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida.

Baffannina har sun fara wasa lauje. Kakana ya ce duk wanda ya taɓa zangarniya ɗaya zai sani. Ya aika wa taubashin cewa ya zo ya yanke shinkafarsa. Amsa ta dawo cewa shi ba ya karɓar sadaka daga mai ƙaton ciki. Shi ke nan shinkafa ta tsaya ba mai yanka, tsuntsaye suka samu biki. Kullum muna ganinsu suna sauka kamar hayaƙi, gidan taubashin kuwa an fara dafa tuwo sau ɗaya a yini. Kakata ce ta gaya mana, don ta ga hayaƙin murhunsu ya ragu.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, kakana ya tare mai gari da dattawa. Ya ɗaure fuska kamar alƙali.

"Ranka shi daɗe, ƙara nika kawowa. Wanga ruwa da ab bayan gonar bawana, wa ya san shi?"

Mai gari ya ce ai ƙoramar ce.

"A'a. Ƙoramar da ubana yay yi iyaka da ita na san ta, cikinta aka yi mani wanka. Wagga baƙuwa ta, bana taz zo. Ni ban yin iyaka da baƙo. Ga makwancin tsohuwar can, ko ta mutu kabarinta na nan." Sai ya juya ga taubashin. "Kai kuma bawa, ka zo ka kwashe tsiyarka daga jikin gonata. Tsuntsayenka sun ishe ni."

Dattawa suka fashe da dariya, mai gari ya yi ajiyar zuciya ya ce hujja ta yi. Taubashin ya yi ta gyara hularsa. Can ya ce, "To wa zai ƙetare da ni? Kwalekwalenka ko yoyo shikai kamar bakinka." Washegari a cikin kwalekwalen nan aka kwaso shinkafarsa, mu jikoki muna kwarfar ruwa. Suka dasa ciyawar jema a tsohon makwancin don shaidar iyaka, suna dasawa suna zagin juna.

Yanzu ina zaune cikin birni, a unguwar Badariya, inda kowane fili ke da turken siminti a kusurwa. Ban raina turke ba, ya kashe faɗa da yawa. Bara masu awon ƙasa suka je fadamarmu za a tsara ta don noman rani. Yaron da ke riƙe da taswira mai ladabi ne. Ya nuna mini layin da suka ja bisa ruwa kamar yadda hoton sama ya nuna, ya ce, "Baba, haka ne?" 'Ya'yana suna gefe suna yi mini tari, don layin ya haɗa mana da gonar taubashin. Jikan taubashin yana tsaye can baya, siriri kamar kakansa.

Makwancin ya cike tuni, jemar ma shanu sun cinye. Na taka da sandata har inda na tuna, na ce a nan. Idan ka bi ta wurin za ka ga turke tsaye a tsakiyar shinkafa, babu ruwa babu hanya, kamar mahaukaci ne ya kafa shi. Babban ɗana bai yi mini magana ba har muka iso gida. Jikan taubashin kuwa ya raka ni bakin titi, ya riƙe mini sanda na hau babur, sannan ya ce in riƙa rage cin tuwo.