Baba Rewaya da Batirin Motar Manaja

Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Baba Rewaya bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na yi kuka, Baba, ba na ɓoyewa, amma alfahari da kai ya fi baƙin ciki yawa a zuciyata.

Shekara arba'in ka yi kana gyaran wutar mota a 'yar rumfarka ta bayan tasha, da benci ɗaya da mitar nan ta awon wuta wadda ka ɗaure murfinta da roba. Da motoci masu ƙwaƙwalwa suka shigo, sa'o'inka da yawa suka haƙura da sana'ar, kai kuwa ka sa tabarau ka koma ɗalibi. Duk motar da aka kawo maka, komai tsadarta, sai ka ce, "Mu fara gaida batir." Ana yi maka dariya, har da ni.

Ni direban manajan wani kamfani ne. Wata Asabar, neman suna ya sa na wanke injin motarsa da ruwa. Litinin da safe mota ta haukace: fitilun gargaɗi duk suka kama, sitiyari ya yi nauyi, gilas ya ƙi hawa. A babban gareji aka jona kwamfuta, aka ce ruwa ya ƙona ƙwaƙwalwar. Kafin rana ta take an miƙo mini takardar sallama. Matata tana da tsohon ciki, gidan da muke ciki kuma na kamfanin ne.

Na zo maka ido jajir. Ba ka tsaya jin ƙarshen labari ba, ka ɗauki mita ka ce in kai ka.

Manaja ya dube ka sama da ƙasa. "Dattijo, injiniyoyi sun gama magana. Fitila na kamawa, hon na yi, ina ruwan batir?"

"Ranka ya daɗe, mara lafiya ma yana amsa gaisuwa. A ɗora masa buhu tukuna." Ka juyo gare ni: "Ɗana, tayar da ita."

Mota na tsaye, mita ta nuna sha biyu. Ina murɗa makulli sai ta zube ƙasa da tara. Ka nuna wa manaja da yatsa, ka ce tsohuwar mota takan yi haƙuri da raunin batir, ta zamani kuwa da zarar wuta ta yi mata ƙasa sai ta ruɗe, ta riƙa kukan ciwon da ba ta da shi. Aka kawo sabon batir ka ɗaura. Fitilun nan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sitiyari ya saki, gilas ya hau abinsa.

Manaja ya ce a rufe bonet a watse. Ka dafe bonet ɗin da hannu.

"Ranka ya daɗe, a gaban jama'a aka ce direban nan ya ɓata mota. A gaban jama'a za a ce bai ɓata ba."

Manaja ya faɗa da bakinsa cewa ban ɓata ba, masu gadi da masu shara suna ji, ya karɓi takardar ya yaga. A hanyar komawa ka ja mini kunne: "Kai kuma, kada ka sake yi wa inji wanka!"

Shekara sha bakwai ke nan, har yau ina bakin aikina. A gidan nan aka haifi 'yata, a cikinsa ta girma.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makoma. Mama, Allah Ya ba ki dangana. Ku 'ya'yansa, ku ɗaga kai. Duk wanda ya tambaye ku abin da mahaifinku ya bari, ku kawo shi gidana ya gani.