Damin Geron da Baba Ya Hana Ni Dakawa

Jiya ruwan farko ya sauka a Tambuwal, ƙanshin ƙasa ya tuna mini da surukina.

Kowace kaka, kafin a fara girbi, yakan zaga gonarsa ta Jabo yana shafa zangarniyar gero. Waɗanda suka fi cika yake yankewa, ya ɗaure dami guda, ya rataye a ɗakin girki don hayaƙi ya kori ƙwari.

Wata bazara ruwa ya yi jinkiri, rumbu ya ƙare, yarana suna kuka. Na hau turmi zan sauko da damin, sai na ji gyaran muryarsa a bayana.

"Ɗiyata, sauko. Wanga iri na."

"Baba, yara ba su ci komi ba."

"Na sani. In kin daka shi yau, mi za mu shuka?"

Ya kwance akuyarsa ɗaya tilo ya ja ta kasuwa. Ranar ko gaishe shi ban yi ba, don haushi.

Geron da yarana za su shuka gobe jikan wannan damin ne. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya tarar da abin da ya shuka.