Tankar Garba Mai Ƙarfen Lema

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron masu karatu su ce wani dattijo ya cika musu shafi da zancen abin wasa. Amma bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Garba, Allah ya jiƙansa, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda ban san inda zan kai shi ba sai nan.

Ni tela ne a Tudun Ƙofa, a nan Keffi. Garba kuwa gyaran fanka da rediyo yake yi a Gangaren Tudu. Idan aiki ya yi sauƙi sai ya jawo gwangwanaye da ƙananan injuna na matattun rediyo, ya zauna ƙera 'yar tankar yaƙi da ake tuƙawa da rimot. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Tayoyinta tsofaffin bobin ne na keken ɗinkina, ya zagaye su da sarƙar keken hawa.

A kan siminti tana tafiya lafiya. Da zarar ta sauka ƙasa ta taka tsakuwa sai sarƙar ta zame, ta tsaya tana kuka wuri ɗaya. Na ce masa ya ƙara ɗaure sarƙar. Ya ce ba nan matsalar take ba, tayoyin ne a kafe, ba sa lanƙwasawa. "Yaya, kai ma da an ɗinke maka gwiwa, da ka iya tsallake kwata?"

Ya gwada sifirin na cikin biro, ya yi laushi, tankar ta zauna da cikinta. Ya gwada na abin maƙale shanya, ya yi tauri, tana tsalle kamar fara. A ƙarshe ya koma kan siririn ƙarfen nan na cikin lema. Damina na wucewa sai ya bi gida-gida yana roƙon lemar da ta karye, har matan unguwa suka sa masa suna Garba Lema. Kowace taya ya ba ta ƙarfenta, yadda idan ta hau dutse ƙarfen zai murɗe ya dawo.

Ina wurin ranar da abin ya yi. Tankar ta gangara daga ƙofar shago, ta bi kan tsakuwa da ɓaraguzan bulo, tayoyin suna hawa da sauka ɗaya bayan ɗaya kamar ƙafafun shanshani, sarƙa ba ta motsa daga wurinta ba. Mutane suka taru. Ni kuwa hankalina yana kan wayoyi da batir da rimot ɗin, kada wani ya gani ya kai ƙara a ce wani mugun abu ake haɗawa. Na ce ya shigar da ita ciki. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ko sauro ba ta kashewa."

Bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, kuma bai tashi ba. Ranar da aka zo duba abin da ya bari, ni ina can ina mayar wa mutane fankokinsu, don kada kayan wani ya shiga cikin gado. Kawunmu da malamin da aka kira suka ware kayan aiki, suka ga tankar suka ce abin wasan yara ne. Aka haɗa ta da tufafinsa da za a bayar sadaka, kamar yadda aka saba. Wani da ya zo ta'aziyya ya karɓa wa ɗansa. Kafin in dawo ya tafi. Wasu sun ce mutumin unguwar Yara ne, wasu sun ce daga Masaka ya zo. Kawu ma yanzu ya rasu.

Ban zargi kowa ba, da kyakkyawar niyya suka yi. Amma Garba ya bar 'ya ɗaya, Hauwa'u, kuma na kasa daina tunanin cewa tankar nan haƙƙin marainiya ce. Na tambayi malamai. Wani ya ce ba komai, wani ya ce da an ajiye mata ya fi. Zuciyata ta kama maganar na biyun ta ƙi saki.

Yanzu Hauwa'u ta girma, tana makarantar koyon sana'a, kuma hannun ubanta ta ɗauko. Bara ta haɗa tata tankar. Tana kallon yadda ake yi a waya, tana nuna mini na ƙasashen waje da ake sayen komai a haɗe. Nakan ce da Garba ya ga wannan zamani, da ya kalla har ƙarshe, ya jinjina kai, sannan ya tashi neman lema. Tata ma tana taka tsakuwa sarƙa take zamewa. Ta samo ƙarfen lema, amma ta rasa yadda ubanta ya kama bakinsa a cikin tankar har yake murɗewa bai fita ba.

Ta ce, "Baffa, ai kai kana wurin. Yaya Baba ya yi?"

Ban sani ba. Na ba shi bobin, na ga tankar tana tafiya, amma ban taɓa durƙusawa na leƙa ƙarƙashinta ba. Wanda ya yi masa walda ya ce abin da aka miƙa masa kawai yake liƙawa. Kayan aikinsa suna nan, sunan Garba Lema ma har yau ana faɗa a unguwa, amma dabarar da ya sha wahalarta ba ta wurin kowa sai a cikin tankar.

Don haka nake roƙon masu karatu. Koren fenti gare ta, bututun bindigarta eriyar rediyo ce. Idan tana gidanku, ko kun taɓa ganinta ko da ta lalace, don Allah a sanar da ni ta hannun wannan jarida, ko a tambayi Isa tela a Tudun Ƙofa. Wanda aka ba shi bai yi laifi ba, ba kuma za a ƙwace ba. Idan bai son rabuwa da ita, ya bar Hauwa'u ta kifa ta, ta ga aikin ubanta.