Ranar da Baba ya farke tamaular Bature

Shekara arba'in ke nan cif da rasuwar mahaifina, baduku ne a Ƙofar Dundaye. Makon jiya jikana ya ja ni kallon wasa a babban filin ƙwallon kwalejinsu. Kujeru hawa-hawa, jama'a maƙil, ana ta ihu. Ni kuwa ina zaune ina tambayar kaina: da Baba ne a nan, me zai ce? Na san dai ba zai tafa ba. Sai ya fara tambayar wa ya gina, kuma me yake nema a wurin 'ya'yan mutane.

Haka yake tun fil azal. Da kyar ya yarda aka sa ni makarantar boko, lokacin Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba. Sai ga raɗe-raɗi a gari, wai tamaular da muke bugawa fatar alade ce, an kawo ta ne don a ɓata mana salla. Baba ya rantse in haka ne na bar makarantar ke nan. Wallahi na yi kuka, don ina son karatun.

Bai aiki kowa ba. Da la'asar ya zo filinmu, wanda ba komai ba ne sai fako da sanduna huɗu, ya ratsa tsakiyar wasa da rigarsa ya ɗauke tamaular. Ya shinshina, ya murza, bai gamsu ba. Sai ya zaro wuƙar aikinsa ya farke ɗinkin. Baturen da ke koya mana wasa ya yi jajir, ya sa tafinta ya faɗa masa za a kore ni. Baba ko kallonsa bai yi ba, cikin fatar yake dubawa.

Can ya ɗago ya ce, "Ta saniya ta. Amma wanda yaj jeme ta bai iya ba."

Ya zauna a ƙasa ya ɗinke ta tsaf, maganar korata kuma ta bi ruwa.

Kada ku zaci ya sauko. Har ya koma ga Allah bai yarda da Turawa ba, gajeren wandonmu ma haushi yake ba shi. Amma bai yarda ya yanke mini karatu a kan jita-jita ba, ko da ta dace da abin da zuciyarsa ke so. A hanyar gida na tambaye shi ko gobe in koma makaranta. Bai juyo ba ya ce, "Koma. Su ne ban yarda da su ba, ba kai ba."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.