Doyar da ban ci ba

Shekarun baya can, lokacin yaƙin basasa, ni ma na sa kakin soja. Kada ku ɗauka jarumta ce ta kai ni. Takalmin na gani a ƙafar wani ɗan unguwarmu ya ba ni sha'awa.

Ban daɗe a bakin daga ba aka kama mu. Aka tsare mu a wata makaranta da yaƙi ya watsa, can kudu. Yunwa ta ci mu, ta ci masu gadinmu, gishiri kuwa ko a mafarki. Wanda duk aka ɗiba haƙar ramuka, ba kasafai yake dawowa ba.

Akwai wata budurwa da ke dafa wa sansanin abinci. Babanta ya taɓa aikin jirgin ƙasa a arewa, tana da 'yar Hausa guntu-guntu. Ranar da aka jera mu za a ɗiba, ta ji ina ce wa na kusa da ni, "Ni da aka haifa a bakin kogin Wudil, ga rafi can cike da tarwaɗa, wai yunwa ce za ta kashe ni." Sai ta nufi shugaban masu gadi, ta yi ta magana da yarensu tana nuna ni. Aka cire ni daga layi. Waɗanda aka tafi da su ranar, ban sake ganin ko ɗaya ba.

Daga nan na zama masuncin sansani. In saƙa tarkon kifi yadda babana ya koya mini, ita ta riƙe daro, mai gadi na bin mu da bindiga.

"Mai kifi," in ji ta, "kai soja ne ko kwaɗo?"

Na ce, "Kwaɗon ma ya fi ni iya harbi."

Ta yi dariya har daron ya kife. Tun ranar na san na kamu karo na biyu. Na ce mata in yaƙi ya ƙare, Wudil zan kai ta. Ta ce, "Sai Mama ta gan ka."

Rannan ta lallashi mai gadi muka biya ta gidansu. Mahaifiyarta ta dafa doya, ta zuba manja, sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan gishiri, bai kai cikin cokali ba. Ta barbaɗa shi duka, ta ajiye kwanon a gabana da hannunta.

To ni ɗan Wudil, a ina aka taɓa cin abinci gaban suruka? Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ce na ƙoshi. Cikina kuwa sai ƙugi yake kamar tsohuwar mota a kan gada.

"Ci mana," in ji budurwar. "Mai kifi, don Allah ci."

Na ƙara ture kwanon cikin ladabi, ina jin daɗi a raina wai na nuna musu ni ɗan gidan mutunci ne. Tsohuwar ta dube ni, ta tashi ta shige ɗaki. Mai gadi ya ja kwanon ya cinye tas.

Washegari wata mata ce ta riƙe daron. Ba a jima ba sojojinmu suka matso, mutanen garin suka watse cikin daji, aka kwance mu. Na yi cigiyarta har na gaji.

Shekara da shekaru ina zaton munina tsohuwar ta gani. Sai da furfura ta fito mini, wata rana ina zaune a shagon wani abokina mai sayar da kayan gyaran mota, ɗan can wajen su budurwar, ina ba shi labarin, har da alfaharin kunyata. Sai ya dafe kai.

"Baba, me ka yi haka! A wurinmu in uwa ta sa maka abinci da hannunta, ta karɓe ka ke nan. Ka ture? Ai ka ce musu ƙyamarsu kake, ko kana tsoron guba."

Budurwar nan ta cece ni daga rami, uwarta ta ba ni gishirinta na ƙarshe, ni kuma na saka musu da zagi ina murmushi. Ban san ko ta rayu ba. In ta rayu, abin da ta sani game da ni ke nan.

Yanzu ba na ƙin tayi ko na wane ne. Mai ɗakina kan ce, "Malam, kai ko gidan makoki ka je sai ka suɗe kwano." Dariya kawai nake yi. Doya na ci ta fi a ƙirga, gishiri har likita ya hana ni. Amma wadda aka dafa domina, mai gadi ne ya cinye ta.