Barkonon Mma Awabu

Mma Awabu 'yar Bawku ce, aure ya kawo ta unguwar Nima a birnin Ankara tana da shekara ashirin. Mijinta mai gadi ne a wani gida a Kanda, da ya rasu sai ta riƙe ɗakinsu na haya, ta riƙe tukunyarta ta wake da shinkafa a bakin hanya. Mutane suna yabon miyarta, amma kowa ya san halinta. Ko murmushi ka yi mata sai ta tsaya tana tunanin me kake nema.

A shekarar 1983 ruwa ya ƙi sauka, abinci ya yi wuya a Ankara. Barkono ya zama abin nema a kasuwar Nima, wanda ake samu kuma duk ya yanƙwane. Awabu ba ta taɓa shuka ko albasa ba, amma ta ce ba za ta sayar da abinci ba yaji ba. Ta fasa busasshen barkono, ta zuba 'ya'yan a gwangwanayen madara da wani fasasshen bokiti, ta jera su a bayan ɗakinta kusa da makwarara.

Suka tsiro, suka yi ganye, har suka yi fure. Sai furen ya soma zubewa. Kullum da safe ta tarar da shi fari a ƙasa.

Zarginta na farko ya faɗa kan Barikisu, maƙwabciyarta mai sayar da koko, don ta taɓa tsayawa ta ce, "Yaya Awabu, shukar nan taki ta yi kyau." Awabu ta riƙe maganar. Wa ya tambaye ta? Daga ranar ta rage gaisuwa da Barikisu, ta karɓo laya wurin wani malami a Mamobi ta ɗaura a jikin bokitin. Furen bai daina zuba ba, sai dai kaɗan ya tsaya ya zama 'ya'ya.

Da 'ya'yan suka soma ja, sai suka soma ɓacewa. Wanda ta gani jiya ya nuna, yau babu shi.

A lokacin akwai wani baƙo a gidan, Sumaila, magidanci ɗan shekara arba'in, cikin waɗanda aka koro daga Legas a farkon shekarar. Ba shi da aiki, ba shi da yawan magana, kuma tagarsa tana kallon gwangwanayen. Awabu ta ga ba ta buƙatar wata shaida. Wata Talata ta tashi daga wurin sana'a tun kafin azahar, ta shiga banɗaki ta tsaya tana leƙe ta hujin kwano.

Ba ta daɗe ba sai ga shi da buta. Ya tsuguna, ya ɗaga ganye yana dubawa, ya tsinke wani abu ya yar. Ta fito.

"Sumaila, me hannunka yake yi a shukata?"

Bai razana ba. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata wata koriyar tsutsa.

"Mma, ita nake cirewa. Shekara shida na yi aikin lambu a Agege. Ruwan wanke-wanke da kike zuba musu akwai sabulu a ciki, kuma ya yi yawa. Shi ke zubar da furen."

"To jajayen fa? Su ma sabulu ya cinye?"

"Tsuntsaye ne. Su yaji ba ya damunsu."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. A ranta ta ce ɓarawon da ya iya magana kenan. Wane tsuntsu ne zai haɗiyi abin da ke sa babban mutum hawaye? Amma ba ta kama barkono a hannunsa ba, sai ta ƙyale shi.

Washegari ya kawo wani tsohon gidan sauro ya rufa wa gwangwanayen, ya huda musu gindi da ƙusa. Ta bar shi ya yi, tana tsaye a kansa har ya gama. Ta daina zuba ruwan sabulu, ba tare da ta ce ta daina ba. Barkono ya tsaya, ya yi yawa har tana shanyawa a kan rufi.

Barikisu, da suka koma gaisawa, ta ce mata, "Kin ga ashe tsuntsaye ne."

Awabu ta ce, "Ko kuma wani ya ji kunya."

Duk da haka kullum ta sauke tukunya sai ta zuba wa Sumaila nasa da yaji mai yawa, har ya sami aikin tuƙi ya koma unguwar Malam da zama. Ita kuwa ta ci gaba da shuka shekara goma sha uku. Da ciwon ƙafa ya hana ta sana'a, 'yarta Zuera ta ɗauke ta zuwa Kotobabi, gwangwanaye bakwai suka bi ta a mota.

A can ne wata rana da hantsi, tana zaune a ƙofa, ta ga wani ƙaramin tsuntsu mai baƙin kai ya sauka, ya tsattsage jan barkono ya haɗiye, ya tashi abinsa. Ta daɗe tana kallon reshen. Sannan ta kira Zuera ta ce idan ta san mai zuwa Malam, a tambayo mata ko direban nan Sumaila yana nan da rai.